Na Raka Ɗiyar Ƙanena Kotu a Yamai

Mun tashi da asuba daga Birnin Ƙonni, ni da ɗiyar ƙanena, a cikin babbar kar, wato motar fasinja, mai zuwa Yamai. Ni mai sayar da atamfa ce, na haura shekara hamsin ban taɓa taka ƙofar kotu ba. Ita kuwa makauniya ce tun tana ƙarama, ciwon baƙon dauro ya tafi da idanunta. Ta yi karatu da rubutun makafi har ta gama jami'a. Da ta kai takardunta don konkur, wato jarrabawar ɗaukar malaman lakwal, makarantar boko ke nan, wata hukuma ta cire sunanta, wai ba su da yadda za su yi da marar gani. Uban ya ce a bar wa Allah. Ita ta ce za ta bar wa Allah, amma za ta kai ƙara. Tunda ƙafa ta hana shi tafiya, ni aka ɗora wa rakiya.

Hanya ta yi kyau, sai ɗan ramuka bayan Dogonduci. A kowane shinge jandarma su karɓi takardun shaida, mu sauka, mu koma. A Doso na sayi kilishi na jika ɗaya, da na buɗe takardar na ga rabinsa yaji ne. Kusa da Kure mutane suka ruga tagogi suna ihun raƙuman dawa. Guda uku na gani, suna cin ganye a saman itace ba ruwansu da mu. Yarinyar ta ce, "Gwaggo, kwatanta mini." Na rasa ta inda zan fara, na ce raƙumi ne da ya sa atamfa mai zane. Ta yi dariya har ta ƙware.

Mun sauka a Kirkisoy, ƙetaren kogi, gidan wata ƴar'uwarmu tela da aka haifa a Yamai. Hausarta cakuɗe take da Zabarmanci, gaisuwarta "fofo" ce. Ta tarbe mu da dambu da zogale, su kopto suke ce masa, ga soyayyen kifin kogi. Amma abin da ya tsaya mini a rai gadar kogin ce. Taksinmu na tsakiyarta na leƙa ƙasa: ruwa iya ganinka, masunta a cikin kwale-kwale sun koma kamar ƙwaro. Na riƙe hannun yarinyar da niyyar kwantar mata da hankali, ashe ni ce mai jin tsoron.

Washegari muka je ofishin lauyarta kusa da Mawre. Mace ce ƴar siririya, kowa Metir yake ce mata, laƙabin lauyoyi, kuma ba ta karɓar ko dala a irin wannan shari'a. Ta ce tunda konkur ɗin ya matso, ta nemi a saurare mu da gaggawa. Na tambaye ta abin da ya hana ni barci tun daga gida: "Metir, ba za a kama mu ba don mun kai hukuma ƙara?"

Ta ajiye alƙalaminta ta dube ni. "Hajiya, don irin wannan aka gina ɗakin da za ku shiga gobe."

Ɗakin bai kai girman da na zata ba. Bencina ne na katako, fanka na juyawa a sama, mutane kaɗan. Da alƙali ya shigo cikin baƙar riga kowa ya miƙe. Faransanci ake yi, ƴar'uwarmu tela tana raɗa mini fassara a kunne. Lauyan hukumar, babban mutum mai furfura, ya ce ba ƙiyayya ba ce: takardun jarrabawa na masu gani ne, babu na'ura, babu mai duba rubutun makafi. Gaskiya maganarsa ta shige ni, har na ce a raina mun sha kaye.

Sai Metir ta tashi. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce babbar dokar ƙasa ta ce ƴan ƙasa daidai suke, kuma rashin na'ura matsalar hukuma ce, ba laifin yarinya ba. Ta roƙi a bar mai ƙara ta yi magana da bakinta. Alƙali ya yarda.

Na ɗago don in kama wa yarinyar hannu, ta ce a hankali, "Zauna, Gwaggo." Ta taka da sandarta har gaba, ta buɗe wata farar takarda mai ƙuraje, ta ɗora yatsu. Ta karanta sashen dokar tun daga farko har ƙarshe, ba ta yi tuntuɓe ko sau ɗaya ba. Yarinyar da na goya, wadda maƙwabta suka ce kada a ɓata lokaci a kai ta lakwal. Ƴar'uwarmu ta manta da fassara, ni ma ban nema ba.

Alƙali ya juya ga lauyan hukumar ya yi masa tambaya ɗaya. Daga baya aka faɗa mini: cewa ya yi ya nuna masa inda doka ta ware makafi. Mutumin ya yi ta juya takardunsa, sannan ya ce babu. Ban taɓa ganin an tambayi hukuma ta rasa amsa ba, kuma a gaban ƴar talakawa.

Aka ce mu dawo bayan kwana biyu. Don kada zullumi ya kashe mu, ƴar'uwarmu ta kai mu Saga kallon gonakin shinkafa. Kore shar har bakin kogi, mata sun duƙa cikin ruwa suna dashe. Na yi cinikin shinkafa da Hausa, mai ita ta amsa da Zabarmanci, muka rabu kowa na ganin shi ya ci riba.

Ranar hukunci bai ɗauki minti biyar ba. Alƙali ya ce a maida sunanta, kuma hukumar ta tanadi yadda za ta rubuta jarrabawa kamar sauran. Na fashe da kuka a bainar jama'a, mai gadi ya zo ya ce in yi haƙuri in fita waje. A bakin ƙofa lauyan hukumar ya tsaya ya gaida yarinyar, ya yi mata fatan sa'a. Wannan ma ya ba ni mamaki.

Ni kaɗai na dawo Ƙonni, ita ta zauna Kirkisoy tana bita. Na isa da la'asar na tarar da ƙanena a ƙofar gida, maƙwabta sun kewaye shi. Na ba su labari sau uku. A wannan tafiya na gane hukuma ma tana da wanda take amsa wa, kuma doka ba ta tashi da kanta sai wani ya je ya ƙwanƙwasa. Da a baya ne, ni ce ta farko da zan ce a haƙura.

Wani maƙwabci ya ce, "To Hajiya, in kuma ta faɗi konkur ɗin bayan duk wannan wahala?"

Na ce masa, "Sai ta faɗi kamar yadda ɗan kowa ke faɗuwa. Abin da muka je nema ke nan."