Ƙofa Ta Wajen Wutsiya

Kamar kullum, Clarrie Dunstan ya juya kujerarsa ya ba ƙofar rumfar ajiye jirgi baya kafin ya kurɓi shayi. Haka yake zama ko a bas. Samartakarsa a wutsiyar jirgin saman yaƙi ta ƙare, cikin kejin gilashi mai bindigogi, yana gadin sararin da aka bari a baya. Ya dawo ya yi kiwon tumaki, ya binne matarsa, furfura ta rufe shi, amma wuyansa bai saba da kallon gaba ba.

Tsofaffin garin sun gyara wani jirgi irin nasu don masu zuwa kallo. Da yake rumfar ta yi kaɗan, sai aka sa hancinsa wajen ƙofa, aka cusa wutsiya jikin bango, can cikin yanar gizo-gizo. Wannan ne ƙorafin Clarrie kullum.

Merv Tolhurst, matuƙin jirginsu a lokacin yaƙi, ya ce, "Haba Clarrie, fuska mutane ke son gani. Wa zai zo kallon gindin jirgi?"

"Ai ta nan maƙiyi yake zuwa, direba. Kai kana gaba cikin ɗumi kana cin alewa."

"Na dai dawo da kai gida."

"Ni na dawo da kai. Sitiyari kawai ka riƙe."

Suka yi dariya, amma ta Clarrie ba ta yi nisa ba. Ya tuna samarin wutsiya, masu cire gilashin gabansu don su gani sosai, sanyi na cin fuskarsu. Da yawansu ba su ga gida ba. In aka bar kejin nan jikin bango, yara za su zo su tafi ba su san mutum ya taɓa zama a ciki ba.

"Jirgin ba ya juyuwa," in ji Merv. "Ginshiƙi zai tare fiffike."

"Wa ya ce a juya shi?" Clarrie ya miƙe, ya ƙwanƙwasa bangon da sandarsa. "Kwano ne. A fasa ƙofa nan, kowa ya shigo ta baya, ya fara gaishe mu."

"Kwamiti ba zai yarda ba."

"Kai ne kwamitin, tsohon banza."

Merv ya daɗe yana kallon kejin. Can ya laluba aljihu, ya jefo makulli kan tebur.

"Almakashin kwano na cikin motata."

Clarrie ya ɗauka, ya gyara zaman hularsa, ya bar shayin yana hayaƙi, ya fita.