Kifin da Ya Yi Hijira a Bokiti

Idan aka idar da sallar asuba a masallacin unguwarmu a Birnin Gwari, kowa kan tsaya a gaisa, ban da Malam Abdulkahar. Shi takalmansa kawai yake lalube. Ba girman kai ba ne, akwai masu jiran sa a gida. Yakan shige zaure, ya wuce ƙofar ɗakin matarsa Azumi, ya nufi ƙuryar tsakar gida inda wani baƙin tanki yake girke a ƙarƙashin rumfar kwano. Kafin ya watsa abinci sai ya tsoma hannu ya ji sanyin ruwan, ya ɗebo a tafi ya sunsuna. Sannan ya watsa, ya tsaya yana kallon karfasa suna tasowa. Wadda ta taso da zafin nama lafiyarta lau. Wadda ta ja gefe ta ƙi ci, ita yake sa wa ido.

Da rana ta ɗaga ta bugi faifan sola, ƙaramin injin zai fara tura ruwan tankin ta bututu zuwa wasu durom da aka tsaga biyu aka cika da tsakuwa. Cikin tsakuwar nan, babu ko cokali ɗaya na ƙasa, alayyahu da latas da tumatir suke tsaye kore shar. Kashin kifi shi ne takinsu. Saiwoyinsu su tace ruwan, ya gangaro ya koma wa kifin garau. Shekara bakwai ke nan yana wannan hidima, ba Juma'a ba Sallah. A watan nan gwiwa ta ce masa ya isa haka, ya miƙa aikin ya koma kan tabarma. Shi ya sa na ga ya kamata a faɗi abin da mutumin nan ya yi tun yana iya ji da kunnensa. Mu dai mun ƙware wajen yabon gawa, kuma hali ne da ba na so.

Ba ɗan birni ba ne. Wani ƙauye ne bayan Kakangi, a bakin daji, ya haife shi, kuma sana'ar su ya gada kaka da kakanni. Akwai wani gurbi mai zurfi a rafin garinsu, Gurbin Kada, wanda ko bazara ta kai bazara ba ya ƙafewa. In Malam ya fara ba da labarin ranar su a gurbin nan, har tuwonsa ya huce bai sani ba. Gari kan fito kwansa da kwarkwata, maza da koma da gora, mata a kan tudu suna hura wuta, ƙanshin gashi ya bi iska har gonakin ƙetare. A lokacin mutum kan kwana a gona shi kaɗai, abin tsoronsa bai wuce maciji ba.

Wata doka ce mahaifinsa ya kafa masa tun ranar da ya fara riƙe koma. Duk karfasar da ta shiga hannu, a buɗe bakinta kafin a jefa ta gora. Ita karfasa a baki take goyo: ta kwashe ƙwayayenta ta rufe, ta yi kwana goma ko fiye ba ta ci komai ba, har su ƙyanƙyashe. In an ga ƙwai, a mayar da ita ruwa, ko da ita kaɗai aka kama ranar. Tsohon kan ce wanda ya ci mai goyo ya cinye sun baɗi.

Ranar da aka ce kowa ya yi ta kansa, 'yan bindiga sun doso, Malam yana dawowa daga gurbi da bokitin ƙarfe da ƙananan karfasa goma sha ɗaya masu rai. Mutane na ɗaukar hatsi, na jan awaki, shi kuwa ya ɗora bokiti a ka. Har yau Azumi ba ta bar masa wannan ba.

"Malam, mutane na gudu da abin da za su ci, kai kana gudu da ruwa?"

"Ɗauki buhun, Azumi. Wannan ba na ci ba ne."

Wuni guda suka yi a ƙafa. Duk rafin da suka tsallaka sai ya tsaya ya canza wa kifin ruwa, mutane na wuce shi suna girgiza kai. Ya iso Birni da sha ɗayansa cif.

A randa ya fara ajiye su, kuma da sun mutu a can ba don maƙwabcinsa Benson ba, malamin aikin gona da ya yi ritaya, mutumin kudancin Kaduna da ya shekara talatin a garin nan. Benson ya leƙo ta katanga ya ga dattijo na jidar ruwan rijiya safe da yamma, yana zubar da na jiya.

"Sarkin Ruwa, taki kake zubarwa a kwata," in ji shi.

"Ticha, ni kifi na sani, ban san taki ba."

"Ni ma ganye na sani, ban san kifi ba. Mu haɗa jahilcinmu mu gani."

Haka aka yi. Benson ya zana a takarda, Malam ya wanke tsakuwa. Sau biyu bututu na toshewa, sau ɗaya ruwa ya malale musu tsakar gida har ya shiga madafin Azumi, ranar kuwa sun sha magana su duka biyun. Amma cikin shekara guda kifi ya hayayyafa. Matan da suka baro ƙauyuka suka cika gidajen 'yan uwa a unguwar sun san ƙofar nan. Mai jego ba ta aika neman kifi sau biyu. Na ga wata tsohuwa daga garinsu ta kai romon kifin bakinta, ta ajiye cokali ta ce wannan ai na Gurbin Kada ne. Kuka ta yi sosai, mu ma da muke wurin ba mu tsira ba.

A nan ne abin ya wuce kiwo. Labari ya zo daga daji cewa masu wankin zinare sun mayar da gurbin jan kunu, kifin da ya rage kuma masu zuba guba sun kwashe. Malam ya fahimci irin kifin garinsu duk duniya ba shi da sauran wuri sai baƙin tankin nan. Bokitin ƙarfen ya wanke shi ya rataye a rumfa, ya ce ranar komawa zai yi aiki.

Sai shekara ta huɗu ta zo da jarrabawa. Ƙanen Azumi, Mu'azu, manomi daga Tabanni, shi ma gona ta gagare shi ya dawo gidan yayarsa. Mutumin kirki ne, sai dai hannun manomi ba ya iya ganin ƙwari a kan ganye ya haƙura. Wata Laraba Malam ya tafi jana'iza, Mu'azu ya ga ƙwari sun yi wa alayyahu rubdugu. Ya ɗauko famfon feshinsa, abu ɗaya da ya tsira da shi daga gida, ya haɗa magani yadda ya saba shekara ashirin, ya feshe ganyen tas. Ya manta cewa a wannan gonar abin da ya ɗiga a tsakuwa cikin tanki yake ƙarewa. Garin neman gira aka rasa ido.

Kafin la'asar kifi ya juya farin ciki sama, manya da ƙanana. Malam ya shigo ya tsaya a bakin tanki. Mu'azu ya durƙusa, famfon na goye a bayansa.

"Yaya, wallahi gyara na yi nufi. Ka yi min duk abin da ka ga dama."

Azumi ta ce ta zaci ranar za a yi wadda za a yi. Malam ya juya ya nufi bayan randunan ruwa, inda wani tsohon baho yake rufe da faifai. Kwana uku kafin nan ya ga wata karfasa ta ja gefe ta ƙi ci. Ya kama ta, ya buɗe bakin kamar yadda ubansa ya koya masa, ya ga ƙwai, ya keɓe ta don kada sauran su dame ta. Ruwan bahon bai haɗu da na tanki ba. Ya ɗaga faifan. Tana nan, bakinta a kumbure, tana kaɗa wutsiya a hankali.

"Tashi, Mu'azu," in ji shi. "Sauke famfon nan ka ɗauko shebur. Tsakuwar nan duk sai an zubar. Wanda ya san yadda ake kashe su shi ya fi dacewa ya koyi yadda ake raya su."

Malam Abdulkahar, kai ne ka binne aikin shekara huɗu da hannunka ba ka zagi kowa ba. Kai ne ka zauna gaban baho kwana tara, kana canza ruwa da ludayi don kada ta firgita ta tofar da goyonta. Ɗan masunta, gado ba karambani ba. Benson ya shaida cewa ranar da ta buɗe baki 'ya'yan suka watsu kamar an zuba gero a ruwa, ka cire hula ka rufe fuska da ita, shi kuma ya yi kamar yana duba bututu.

Daga ranar ya daina yarda da tanki ɗaya. Ya bi unguwa yana raba 'ya'yan kifi, shi da Benson suna tsaga durom a gidajen mutane, Mu'azu na biye da su da buhun tsakuwa. Sharaɗi biyu kawai yake kafawa: ba feshi, ƙwari a tsince su da hannu ko a yayyafa ruwan tafarnuwa, sannan mai goyo ba ta shiga tukunya. Yau gida goma sha bakwai ne a garin nan suke da jikokin wannan uwa ɗaya, na Musulmi da na Kirista. Babu wanda ya ba shi lambar yabo, babu wanda ya zo da kyamara.

Bana hanya ta ɗan lafa. Masu zinare sun yi gaba, damina biyu ta wanke rafin, wasu sun fara komawa share kango. Malam ya so ya tafi, gwiwa ta ƙi, kuma ya san ba za ta sake yarda ba. Abin ya yi masa ciwo, bai ɓoye ba. Ranar Asabar da ta wuce ya sauko da bokitin ƙarfen daga rumfa, ya zaɓi ƙananan karfasa goma sha ɗaya, ya kira Mu'azu.

"Yaya, ni? Bayan abin da na yi?"

"Kai. Duk rafin da ka tsallaka ka canza musu ruwa. In ka isa kada ka juye su, ka kwantar da bokitin su fita da kansu." Ya miƙa masa bokitin. "Ka duba min ko kukar nan ta bakin gurbi tana tsaye."

Ya raka shi har ƙofar zaure da sanda, ya tsaya yana kallo har babur ɗin da ya ɗauki Mu'azu ya sha kwana. Azumi ta fito ta tsaya kusa da shi. A karon farko cikin shekara bakwai ba ta ce komai game da bokitin ba.

Mun gode, Malam. Allah ya saka maka, ya sassauta maka gwiwa, ya jiƙan tsohon da ya koya maka duba baki. Mu kuma da muka tsira da wani abu daga garuruwanmu, ko irin dawa ne, ko sana'a, ko waƙar daka, mu daina jira sai an koma. Mu raya shi a inda muke, mu raba shi gida-gida. Kuma duk wanda Allah ya nufa da jefa koma a Gurbin Kada nan gaba, in karfasa ta shiga hannunsa, ya buɗe bakinta tukuna. A ka aka ɗauko kakarta, wuni guda a ƙafa.