Ashana Uku a Bakin Murhu

Kakanmu Orval yatsu takwas gare shi. Sauran biyun Dogon Tafki ne ya ci, yana ɗan shekara goma sha tara, lokacin yana lebura a babbar hanyar da ta miƙe zuwa Alaska. Tafkin ya daskare, yana ƙetare shi da ƙafa ƙanƙara ta fashe da shi. Ya fito da ƙyar, ya ja jiki zuwa wata bukkar katako a can ƙarshen ruwa, hannuwa sun sandare. Ƙofa ba kulle. An jera ƙirare da ɓawon itace a murhu, ga tsinken ashana uku an zaro su rabi daga kwali. Da haƙori ya kama ɗaya ya ƙyasta. Bai taɓa sanin wanda ya jera ba.

Daga baya hukumar gandun daji ta ɗauke shi aikin kula da masaukin baƙi na bakin tafkin. Shekara talatin da ɗaya yana faskare, yana kwashe shara kada beyar, ƙatuwar dabbar dajin nan, ta saba da wurin, yana nuna wa matafiya inda kifi yake, ban da inda shi yake kamawa. Bukkar ba ta cikin aikinsa. Duk da haka, kowace Satumba idan ya rufe masaukin, sai ya shiga kwalekwale ya je ya jera wutar.

Shekarar da zuciya ta fara damunsa, 'yarsa Loretta ta zo daga birnin Whitehorse da mota da akwatuna biyu.

"Baba, daga nan zuwa asibiti awa huɗu ne. Ba za ka ƙara yin lokacin sanyi a nan ba."

"To wa zai jera wutar?"

"Wa ma yake zuwa can yanzu? Kowa da wayarsa."

"Wayar ce za ta ɗumama masa hannu?"

Suka kwana biyu a kan magana ɗaya. A na uku ta gaji, ta ce a je, amma ita za ta riƙe injin kwalekwalen.

"Ke da kika kifar da mu a gaban baƙi?"

"Shekarata tara lokacin, tsoho. Shiga ka zauna."

Tafiyar awa ɗaya ce da rabi. Ganyaye sun yi rawaya, bakin ruwa har ya fara daskarewa. Orval ya rungume ƙullin ƙirarensa a cinya. Ya riga ya ƙudurta ba zai bi ta birni ba, ko me za ta ce.

Da ya tura ƙofar sai ya tsaya. Murhu a share yake, an jera wuta. Ya durƙusa ya duba kamar mai neman laifi: ɓawo a ƙasa, sirara a kai, manya a gefe, duka busassu. A kan kanta ga gwangwanin shayi da ba nasa ba.

"Ke ce?"

"Yaushe? Tare muka zo."

Ya ɗauki kwalin ashana. A rufe yake ruf.

"Ka ga shirme," in ji shi. "Mutum ya yi aiki mai kyau, ya ɓata a ƙarshe."

Ya zaro tsinke uku rabi, ya ajiye kwalin a bakin murhu. Sannan ya ɗauki gawayi ya rubuta a jikin katakon da ke sama: A ZARO UKU. MAI ZUWA BA SHI DA YATSU. Ya zube nasa ƙiraren a kusurwa, ya daɗe yana kallon murhun.

A hanyar dawowa ya tambaye ta ko ɗakin da ta gyara masa a birni yana da taga.

"Yana da ita. Kogi take kallo."

"Kogi," ya ce, ya taɓe baki. "To. Ki rage gudu, akwai dutse a gaba."