Sunan Labo a Layi na Takwas

Labo ya yi shekara talatin da ɗaya yana rubuta haihuwa da mutuwar mutanen Gaya a babban littafin biron kumandan, wato ofishin mai mulkin yankin, kuma ban taɓa ganin mai taurin kai irinsa ba. Gajere ne, baƙi, da ɗan gemu, kullum cikin farar riga wadda matarsa Zuwera ta wanke ta goge har wuyan ya fara zarewa. Ubansa masunci ne. Lokacin da Nasara suka nemi yaran da za a sa lakwal, wato makarantar boko, mai unguwa ya ɓoye nasa ya miƙa ɗan masunci, aka tafi da shi Doso yana kuka. Ya dawo da Faransanci a baki, ya fara da aikin tafinta, daga baya aka ba shi tebur da alƙalami.

Ni Siddo, a hannunsa na koyi aiki. Shekara uku bayan samun ƴancin kai, makarantar horon ma'aikatan mulki ta Yamai ta turo ni Gaya in yi wata shida ina ganin yadda aikin yake a zahiri. Na zo da akwati cike da littattafai, ina ji da kaina. A aji an koya mana dokoki da tsara rahoto, malaminmu kuma ya sha nanata cewa ma'aikaci ba shi da dangi in ya zauna gaban takarda. Na haddace wannan tsaf. Abin da ba a koya mana ba shi ne yadda ake rubuta shekarun mutumin da bai taɓa ƙidaya su ba.

A makona na farko wata mata ta zo daga Bengu tana neman wa babban ɗanta takardar haihuwa. Na tambaye ta sunansa, ta sunkuyar da kai. Na sake tambaya da ƙarfi, har sau uku, ina zaton kurma ce. Sai Labo ya taso. Ya leƙa waje ya kira maƙwabciyar da ta rako ta, ita ta faɗi sunan. Sannan ya tambayi matar ko tana goye da yaron shekarar da ruwa ya ci gonakin fadama, ko kuwa ya riga ya fara tafiya, ya lissafa da yatsu ya rubuta. Da suka fita ya tambaye ni ko uwata tana kiran sunan ɗanta na fari. Ba ta kira. Na san haka tun ina yaro, amma na bar sanin a ƙofar makaranta. Kunya ta kama ni har na kasa cin abincin rana.

Haka ya koya mini. Ba ya yabo, ba ya faɗa. In na yi kuskure sai ya turo takardar gabana ya koma wurinsa, in yi ta nema har in gano. Abu guda ne ba ya ɗaga ƙafa a kai: ba a rubuta abin da ba haka yake ba, ko don sarki, ko don ɗan'uwa. Fatake sun gwada shi sun gaji. Wani lokaci yakan ba ni haushi, don akwai ƙaryar da ba ta cutar kowa, amma Labo bai san ta ba.

Ƙarshen shekarar nan rigima ta tashi tsakanin ƙasarmu da Dahome a kan wani tsibiri na cikin kogi. Sojoji suka tsare gada, aka ce ma'aikatan da suka fito daga Dahome su koma gida. Takarda ta iso biro tana neman sunan duk ma'aikacin da aka haifa a hayin kogi, cikin kwana uku. Kumandan ya ba ni aikin, ya ce ni baƙo ne, ba ni da wanda zan ji wa kunya.

Na buɗe takardun ma'aikata ɗaya bayan ɗaya. Malaman lakwal uku, mai allura na asibiti, biyu daga gidan waya, direba guda. Bakwai ke nan, duk na san su. Sai na buɗe na Labo don cika ƙa'ida kawai, na ga wurin haihuwarsa wani ƙauye ne kusa da Malanbil, a hayin kogi.

Labarin ba shi da tsawo. Shi ne ɗan fari, uwarsa kuwa mutuniyar hayi ce, ta tafi gidan iyayenta haihuwa kamar yadda kowace mace take yi. Kwana arba'in ya yi a can, aka dawo da shi cikin kwalekwale. Ranar da aka ɗauke shi aiki Bature ya tambaye shi inda aka haife shi, ya faɗi gaskiya. A lokacin mai mulki ɗaya ne a gaɓa biyun, ba wanda ya damu. Ubansa ya mutu bai bar takarda ko guda da za ta shaida cewa ɗan Gaya ne ba.

Ba wanda ya san da wannan sai ni. Kumandan sabon zuwa ne, ba zai taɓa buɗe tsofaffin takardu ba. Da na tsaya a bakwai, da shi ke nan. Na yi kwana biyu ina juya abin, karatun aji yana ja na nan, zuciyata tana ja na can. Rana ta uku bayan azahar na ɗauki takardar na ajiye a teburinsa, na tambaye shi yadda zan yi.

Ya daɗe yana kallonta. Sannan ya ɗago kai ya dube ni.

"Mi takarda ta tambaya?"

"Wurin haihuwa, Baba."

"To, ai ka gani. Rubuta."

Na rubuta shi a layi na takwas. A gefen takardar akwai wurin ƙarin bayani, na cika shi har na haɗa da wani shafi: al'adar haihuwar fari, kwana arba'in, shekarun aikinsa, kabarin ubansa da ke Gaya. Ban taɓa tsara rahoto mai kyau irin wannan ba, kuma na yi imani zai isa. Kumandan ya karanta, ya girgiza kai, ya ce ba shi da ikon cire suna, sai dai a jira amsar Yamai. Kafin ta zo, umarni umarni ne.

Da hantsi suka ƙetare gada, Labo da Zuwera da tabarmi biyu da tukwane a kan amalanke. Kogi ya cika maƙil. Mutanen da ya rubuta wa haihuwar ƴaƴansu suka tsaya bakin hanya suna kallo. Ya miƙa mini mabuɗin kabad ɗin littattafai, ya ce in kula da gara a lungun gabas.

Ya sauka wurin dangin uwarsa, mutanen da bai fi sau biyar ya gani ba a rayuwarsa. An ce kullum da la'asar yakan zauna bakin ruwa inda ake hango rufin biro. Wa'adina ya cika, aka bar ni a teburinsa. Amsar Yamai ta zo bayan wata bakwai, layi biyu, cewa Labo ɗan ƙasa ne, ya koma bakin aikinsa. Ta tarar an yi kwana tara da binne shi. Ciwon ƙirji, in ji su. Na buɗe littafin mutuwa in rubuta shi, sai na tuna ba a ƙasarmu ya mutu ba. Haihuwarsa ba ta cikin littafin Gaya, mutuwarsa ma ba ta ciki.

Na ƙetara ta'aziyya da takardar a aljihu, ina tunanin za ta ɗan sanyaya wa Zuwera rai. Na karanta mata, na fassara. Ta saurara har ƙarshe, ba ta yi kuka ba. Ta ce tun ranar da umarnin ya zo Labo ya san abin da ke cikin takardunsa. Kwana biyu bai ci abinci ba, yana addu'a Allah ya sa in tsallake sunan in yi shiru, shi ma ya yi shiru.

"Ya ce da ba ka tambaye shi ba, ɗana, da bai ce komi ba. Amma tunda ka aje ta gabanshi, ba ya iya ce ma ɗalibinshi shi yi ƙarya."

Na so in ce mata girmamawa ce ta sa na tambaye shi, amma na san ba gaskiya ba ne. Tsoro ne ya sa. Na kasa ɗaukar nauyin ni kaɗai, sai na kai wa tsoho, alhali na san sarai amsar da zai ba ni.