Ɓarawon Albasa Marar Fuska

Cikin duk ranakun da na yi ina riƙe da kyamara, wadda ba ta fita raina ita ce ranar da muka ɗauki farkon wani ɗan fim a Taloka, ta ƙasar Goronyo. Ku da kuke koyon aikin nan yanzu, da kun kama kyamara sai ku danna ta a fuskar mutum kamar masu hoton katin zaɓe. To, ku saurara.

Da bazara ne, an gama cirar albasa an zuba a ɗakunan ajiya. Ƙungiyar manoman garin ta nemi mu yi mata fim na jan kunne a kan sata. Ni ne mai ɗaukar hoto, Malam Bello kuma darakta, wato mai tsara abin da kowa zai yi. Shi kuwa mayen tsofaffin finafinan Turawa ne marasa kala, na 'yan sanda da ɓarayi. A irinsu ba a buɗewa da fuska. Inuwa ake fara nunawa, ko ƙafa, ko hannu a jikin ƙofa, da haske guda daga gefe, sauran wuri duhu. Mai kallo ya san akwai mutum, bai san wane ne ba, sai tsoro ya kama shi.

Ranar ɗauka, wanda zai fito a ɓarawo bai zo daga Sakkwato ba. Samarin garin duk suka noƙe, ban kuma ga laifinsu ba, don a ƙauye in ka fito a ɓarawo sunan zai bi ka har jikoki. Sai Baba Ummaru, dattijon da ke gadin ɗakunan albasar, ya ja ni gefe.

Ya ce, "Ɗana, tun ina yaro nika son in ga kaina cikin majigi. Amma in anka gane ni, wa zai sake ba ni tsaron albasa tai? Da gadin ga nika ci da iyali."

Na ce, "Baba, in anka gane ka, ka amshe kyamarag ga." Da haka ya yarda ya fito a ɓarawon.

Ɗakin ajiyar na kara ne, ranar hantsi tana shigowa ta tsakanin karan, tana yin layi-layi a kan albasa. Ba mu kunna fitila ba. Na rage hasken kyamara har wurin ya koma kamar dare, na ajiye ta a ƙasa, na kwanta rub da ciki, warin albasa na sa ni hawaye. Na fara da bakin ƙofa babu kowa, na riƙe shi har Malam Bello ya fara tsaki, don jiran nan shi ne rabin tsoron. Sannan inuwa ta shigo, doguwa, ta riga mai ita. Sai ƙafafu. Baba ya tsaya ya tuɓe takalma ya jera su, ba wanda ya sa shi.

Malam Bello ya yi mini raɗa, "Madalla, ɓarawo mai wayo, ba ya son a ji takunsa. Bar shi haka."

Daga nan sai hannu yana miƙawa ga tarin albasa. Da na ɗago kyamara, rana tana bayansa, fuskar baƙi ƙirin, layin haske ɗaya ya tsaya a wuyan rigar aro da muka sa masa.

Da muka gama haɗa fim, aka nuna shi bayan la'asar a ɗakin taron ƙungiyar, an toshe tagogi da tabarmi. Baba ya zauna kusa da ni a baya, ya damƙe mini hannu. Inuwa na fitowa ɗakin ya yi tsit, ko tari babu. Wallahi kaina ya kumbura. Ana tashi na bi manoma ina tambaya wa suke zato. Kowa ya ce, "Wani baƙo na, daga birni."

Sai shugaban ƙungiyar, Alhaji Sani, ya kira ni bayan ɗaki yana murmushi.

Ya ce, "Mai hoto, duhunka ya yi kyau, mun tsorata ƙwarai. Amma mutum guda ka tuɓe takalma bakin ɗakin albasa garin ga, wai ba a shigar ma abincin mutane da takalmi. Nan take munka san shi."

Na ce, "Alhaji, to mi ya hana ku faɗi?"

"Ya roƙe ka ka ɓoye shi, ko ba haka ba? To mu mi na namu na tona shi?"

Na fito na tarar da Baba yana jirana, ya kasa tsayawa wuri ɗaya. "Ba su gane ba, ko?"

Na ce, "Baba, ai ka ji da kunnenka. Baƙo na."

Ya yi ta dariya har yana share ido da hularsa. Ya ci gaba da gadinsa har ƙarfinsa ya ƙare, kuma ko a wasa ba wanda ya taɓa kiransa ɓarawo. Ina ƙaunar mutanen garin nan har gobe.

Ku koyi inuwa, ku koyi jira, ku daina gaggawar nuna fuska. Amma ku sani duhun kyamara ba ya ɓoye mutum sai ga waɗanda ba su san shi ba. A garinsu kuwa, ni ban rufa wa Baba Ummaru komai ba, mutanensa ne suka rufa masa asiri.