Cikin Mardiyya ya wuce lokacinsa

Shekara talatin Kyauta ta yi tana unguwarzoma a wani ƙauye kusa da Ɓaure. Mace ce mai sanyin hannu, ba ta da yawan magana, kuma in ciki ya daɗe bai zo ba takan ce wa mai shi ta kwantar da hankalinta, lokaci ne bai yi ba. Abu ɗaya take tsoro, allurar naƙuda. Ta taɓa ganin wani mai kemis ya yi wa wata mata ita a gida, mahaifa ta fashe, matar ta cika kafin a samo mota.

Sai ga autarta Mardiyya ta dawo gida goyon cikin fari, cikin ya haura kwanan da aka rubuta mata a katin awo da sati biyu. Kullum Kyauta takan ɗora tafinta a cikin ta ji ɗan yana harbi. Wata Talata da hantsi ta ɗora, ta jira, ta jira, da ƙyar ta ji wani ɗan motsi. Ba ta faɗa wa yarinyar kome ba, ta ce dai ta ɗauko hijabinta, Daura za su.

A asibiti aka yi hoton ciki. Malamar jinya, Amatullah, ta ce ruwan da ɗan yake ciki ya ragu, mabiyiya ta fara gajiya, gara a tayar da naƙuda yau. Kyauta ta ba ta labarin matar nan da mai kemis ya yi wa allura. Amatullah ta ce su kaɗan-kaɗan suke sa allurar, suna sauraren bugun zuciyar ɗan, in abu ya rikice likita na kusa.

Aka kira mijin, Munzali, yana kasuwar Mashi da tumakinsa. Ya ce duk abin da Inna ta gani shi ne daidai.

Mardiyya ta riƙo hannun Kyauta. "Inna, in kin ce mu koma gida, mu koma."

Kyauta ta dubi 'yarta. "A sa miki," ta ce.

A benci aka bar ta, bakin ƙofa, ita da ta saba ita ce a ciki. Tana jin nishin 'yarta, tana jan carbi tana ɓata lissafi. La'asar ta wuce kafin a haihu, kuma jaririyar ba ta yi kuka nan take ba, sai da aka zuƙe mata hanci aka yi ta murza bayanta. Da aka miƙo wa Kyauta ita, fatarta a bushe tana saɓa, farce ya yi tsawo, ta rungume ta a ƙirjinta. Ran suna aka sa wa yarinyar Rahama.