Saƙon da na jefa cikin "Gaisuwa"

Shekarun baya, tun furfura ba ta fara leƙo ni ba, ni ne sakataren ƙungiyar manoman ƙauyenmu, nan gefen Ɗanbatta. Ba iya noma ya ba ni muƙamin ba, wallahi kunya biyu idan na yi sai na nemi inuwa. Malamin firamare ne ni, kuma ni kaɗai ke da imel.

Saƙonni suka yi mini yawa, na masu taki, na masu iri, na taro, na talla. Sai wani abokina ya koya mini yadda ake mayar da kowane saƙo aiki a manna masa tuta. Ja, a yi shi yau. Rawaya, cikin mako. Ni kuma da iyayina na ƙara aji na uku na sa masa suna "Gaisuwa", wato sai ranar da na samu sarari. Wayar tana nuna layi biyu na farkon kowane saƙo, da su nake yanke hukunci ban buɗe ba. Minti biyar na gama. Har a majalisa nake nuna wa mutane ina hura hanci.

A shekarar ne ƙungiya ta karɓo sabon irin gyaɗa daga wani kamfani a Kano. Kowa ya karɓa amma ya riƙe nasa tsohon, sai mahaifina, saboda ni na tasa shi gaba. Na ce, "Baba, ɗanka ne sakatare, ya za a yi a ga tsohon iri a gonarka?" Da ƙyar ya yarda. Irin da yake ajiyewa tun zamanin mahaifinsa, mahaifiyata ta soye shi ta yi mai da ƙuli, har da ni a masu ci.

Ana cikin jiran ruwan shuka sai ga saƙo daga wata tsohuwar ɗalibata da ke aiki a kamfanin. Layi biyun da na gani su ne: "Assalamu alaikum Malam. Ina fatan kana lafiya, ya iyali, ya su Baba da Inna, ya ɗalibai..." Na yi murmushi na ce Allah sarki, yarinya mai zumunci. Na jefa shi cikin Gaisuwa.

Ruwa ya sauka, muka shuka. Mako guda shiru. Kwana goma, tsiro ɗaya nan, ɗaya can nesa. Baba ya tona rami ya ciro ƙwayar, ta yi baƙi ta ruɓe.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci, ina zaune a zaure, na ce bari in rage Gaisuwar nan da ta taru. Na buɗe nata. A ƙasan gaisuwar ta rubuta cewa ruwa ya shiga ɗakin da aka ajiye buhunan da aka ba mu, sun gwada irin bai tsiro ba, don Allah kada kowa ya shuka, a mayar a canza. Ta ce ba ta da lambata shi ya sa ta rubuto.

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un! Na duba ranar da ya shigo. Kwana huɗu kafin shuka. Kwana huɗu cur yana cikin aljihuna, ina tafe da shi har gonar, ina zuba irin da hannuna! Wayar ta suɓuce ta faɗi kan tabarma.

Na shiga wajen Baba na faɗa masa. Bai yi faɗa ba, ya ce, "Karanto mini tun daga farko."

Ina kaiwa "ya ɗalibai" ya ɗaga hannu.

"Dakata. Ai tun daga nan ka san akwai magana. Ranar da aka zo gaya mana rasuwar kawunka, da me aka fara?"

Na ce, "Da gaisuwa, Baba."

"To. Kai a wane gari ka tashi?"



Sauran manoma suka sake shuka da nasu tsohon irin. Kafin mu nemo wani lokaci ya ƙure, sai wake muka zuba a gonar. Irin kakana kuwa ya tafi kenan.

Har yau ina amfani da tutocin nan, suna da amfani ƙwarai. Ajin Gaisuwa ne na goge. Duk saƙon da na ga ya tsaya tambayar lafiyar kowa da kowa, shi nake fara buɗewa. Baba bai sake tayar da maganar ba har ya koma ga Allah. Amma duk kaka, idan ya damƙi gyaɗar da muka noma, sai ya murza ta a tafin hannu ya ce, "Ba laifi. Amma ba ta kai tamu ba."